Iska a Birkin Jangwada

Motar da Haladu ya saya a shekarar rabon kuɗin Udoji ba motar mai iyali ba ce. Kujera biyu ce kawai a cikinta, rufinta wani tamfol ne da ake naɗewa ta baya, kuma saboda gajartarta, in ta taho daga nesa sai ka ce da ciki take tafiya. Ja ce wur. Kafin sati ya zagayo mutanen Kazaure sun raɗa mata suna Jangwada. Haladu ya yi fushi, shi ya sa sunan ya zauna. Wani Bature injiniya ne mai ita tun farko, ya kamu da ciwo aka sa shi a jirgi, motar ta yi ta shan ruwan damina a wata rumfa mai yoyo kafin a samu mai saye.

Haladu malamin gona ne, saurayi, mai son a gan shi. Mahaifiyarsa Uwa, wadda 'ya'yanta ke kira Inna, ba ta taɓa sa ƙafa a motar ba, kuma tana da dalilinta. Wata rana ana ruwan sama motar ta kama hon ita kaɗai, ba kowa a ciki, ba ta yi shiru ba sai da aka cire wayar batir. Haladu ya ce ruwa ne ya haɗa wayoyi. Inna ta ce to, shi ma Baturen ruwa ne ya haɗa masa wayoyi?

Da kaka ta kama, birki ya fara wasa. Haladu ya saba da shi kamar yadda mutum ke sabawa da ƙofar da ba ta rufuwa sai an ɗaga ta: ya taka, ya sake takawa, ya sake, sannan motar ta yarda ta tsaya. Yayarsa Saude ce ta matsa masa a kira makanike. Saude malamar makarantar firamare ce, mijinta ya tafi kwas Zariya, ita kuma ta dawo gidan Inna da zama kafin ya gama. Aka kira Maikasuwa, wanda ke da rumfa a bakin tasha. Ya shiga ƙarƙashin motar, ya fito da wani guntun bututu siriri kamar tsinken tsintsiya biyu a haɗe, ya murza shi tsakanin yatsunsa, ya marmashe.

"Wannan shi ke kai mai zuwa taya," in ji shi. "Tsatsa ta cinye. Duka za a canza."

Aka sayo sababbin bututai na jan ƙarfe daga Kano. Haladu ya tafi rangadi Gwiwa, ya ce sai Alhamis. Ran Litinin Maikasuwa ya yini a rumfar langa-langa da ke gefen gidan, yana lanƙwasa bututu a kan gwiwarsa, yana ɗaurawa, yana zagin wanda ya ƙera mota da ba ta bar wa hannun mutum wurin shiga ba. Da la'asar ya yi sallama a zaure, ya ce yana neman wanda zai taka masa birki.

Baffa Daudu ne a zauren, ƙanen marigayi mahaifinsu, tsohon magatakardan En'e. Ya ce gwiwarsa ba ta lanƙwasuwa. Gaskiya ne, amma ko tana lanƙwasuwa ba zai shiga motar nan ba. Saude ta ji daga tsakar gida, ta yafa mayafi ta fito.

"Ke?" in ji Baffa.

"Ƙafa ake nema, Baffa. Ina da biyu."

Ta zauna a kujerar direba. Maikasuwa ya kwanta a gindin taya da sifana, da wata siririyar roba da ya tsoma bakinta a kwalba. Shi Babarbare ne, su kuwa gidan Fulani, saboda haka ba a gaisuwa tsakaninsu sai da tsiya.

"Taka. Taka. Bafillatana, ba ɗan maraƙi ba ne, ba zai yi kuka ba, taka da ƙarfi. Yawwa. Riƙe."

"Na riƙe. Tun yaushe bawa ke ba uwar ɗakinsa umarni?"

"Tun da uwar ɗakin ta shiga mota. Kada ki saki sai na ce."

Ya kwance wani ɗan ƙaramin noti a bayan taya, birkin ya nutse da ƙafarta har ƙasa, ya ɗaure, ya ce saki. Haka suka yi ta yi. Saude ba ta iya yin abu ba ta san dalilinsa ba, ta sauko ta leƙa kwalbar. Mai yana fitowa ta roba, cikinsa ƙananan kumfa suna bin juna.

"Mene ne wannan?"

"Iska ce, Malama. Sabon bututu fanko yake zuwa, iska ce a ciki. Shi mai ba ya matsuwa, in kika taka sai ya tura, taya ta kama. Ita kuwa iska matsuwa take yi. In tana tsakani, ita kike ta dannawa, taya ba ta ma san kin taka ba."

Sun gama tayoyin gaba, sun shiga na baya, sai gwangwanin mai ya ƙare. Maikasuwa ya girgiza shi, ya kifa, ba ko ɗigo. Ya ce wanda ake sayarwa a tasha bai yarda da shi ba, gobe da sassafe zai hau babur ya je Kano ya sayo. Jak ɗin da ya ɗaga motar ma na aro ne, na wani direban babbar mota mai tafiya Ɓaɓura da asuba, dole ya sauke ta ya mayar. Aka kira magariba, Saude ta shiga gida. Maikasuwa ya tattara kayansa ya tsaya a bakin zaure.

"Baffa, in Malam Haladu ya dawo ba na nan, a gaya masa kada ya taɓa motar nan. Akwai iska a cikinta. Sai an fitar."

Baffa Daudu ya ajiye butarsa.

"Iska? Kai ma ka gani?"

"Da idona. Malama ma ta gani."

"Tana da yawa?"

"Da yawa kuwa. Mun fitar da ta gaba, ta baya ce ta tsaya."

"La'ilaha illallahu," in ji Baffa.

Maikasuwa ya ɗauka mamakin tsofaffi ne ga aikin zamani, ya yi sallama ya tafi.

Washegari Saude ta taso daga makaranta bayan azahar, rana a tsaka, alli a yatsunta. Tun daga kan kwana ta hangi rumfar langa-langa babu komai a cikinta. Ta tsaya. Ta ƙarasa a hankali, tana gaya wa kanta Maikasuwa ne ya dawo da wuri, ya gama, ya fita gwaji. Amma wa ya taka masa? A ƙasan rumfar ga kaskon wuta da toka, wurin yana ƙamshin turare.

Baffa Daudu yana zaure, fuskarsa a sake irin yadda ba ta gani ba tun da aka kawo motar.

"Baffa, barka da rana. Ina motar?"

"Barka kadai, Malama. Ƙanenki ya dawo, ya gama aikinsa da wuri. Ya ɗauki Innarku sun tafi Roni, duba ƙanwarta Shatu. Kin san an aiko ba ta da lafiya."

"Inna? A Jangwada?"

"Ai yanzu ba komai. An fitar."

"Maikasuwa ya dawo ke nan?"

"Ina ruwan Maikasuwa? Shi nasa gani ne, kuma ya gani, Allah ya yi masa albarka bai ɓoye ba. Da na gaya wa Innarku ta ce dama ta sani. Tun hantsi nake kanta. Na yi tofi a ruwa na yayyafa wa kowace taya, ta baya sau biyu, tunda can ya ce ta tsaya. Na turara ciki da waje."

Addu'a ba ta taɓa ɓata wa kowa aiki ba, kuma Baffa da zuciya ɗaya ya yi. Abin da Saude ke son ji shi ne kalmomin da suka fita daga bakinsa zuwa kunnen Haladu.

"Da Haladu ya zo, me kuka ce masa?"

"Abin da aka ce in faɗa. Na ce Maikasuwa ya ce kada a taɓa sai an fitar da iska, to an fitar, a gabana. Ya leƙa ƙasa ya ga sabon ƙarfe yana walƙiya, ya shiga ya tattaka, ya ce ai ta fi da. Kin gani? Shi da ba ya yarda da komai, yau har godiya ya yi mini."

Mutum biyu sun yi magana ɗaya, sun fahimci juna sarai, kowa da iskarsa.

"Yaushe suka tashi?"

"Ba a daɗe ba. Me ya faru? Saude! Ina za ki da rana haka?"

Ta fice ta bar shi yana kira, abin da ba ta taɓa yi wa Baffa ba. Ta bi ta bayan kasuwa da sassarfa, mayafi yana zamewa tana janyowa. A rumfar bakin tasha ta tarar da Maikasuwa, isowarsa ke nan daga Kano, babur ɗinsa bai huce ba, gwangwanin mai a ɗaure a baya, shi kuma yana zaune da kwanon shinkafa da wake.

"A'a, uwar ɗakina da kanta? Kin zo biyan bashin gaisuwa?"

"Haladu ya tafi Roni da motar. Inna tana ciki."

Ya tsaya da loma a hannu. Ta gaya masa abin da Baffa ya yi, a gajarce. Ta yi tsammanin zai yi salati ko ya yi dariyar takaici. Bai yi ko ɗaya ba, sai ya mayar da lomar cikin kwano, ya dubi ƙasa.

"Faɗa mini," in ji Saude. "In ya tattaka da yawa tana kamawa, ko? Haka yake yi tun da. Ya saba."

"Da iska ce kaɗai, da ya lallaɓa."

"Da me kuma?"

"Notin tayar baya, na hagu. Wanda muke kai lokacin da mai ya ƙare. Da hannu na murza shi, ban sa sifana ba. Na ce ai gobe zan sake kwancewa."

"Sai me?"

"Duk takawar da ya yi, mai zai fita ta nan. Kaɗan-kaɗan. Tana kamawa, tana kamawa, har ɗan abin da ya rage a tukunyar ya ƙare. In ya ƙare, ƙafa za ta tafi ƙasa, shi ke nan."

"Birkin hannu fa?"

"Yana nan. A fili zai taimaka. A gangare da nauyin mutum biyu..." Ya girgiza kai.

Duk wanda ya taɓa bin hanyar Roni a wancan zamani ya san gangaren da yake nufi, wanda ke sauka tsakanin duwatsu ya ƙare a wani siririn kwalbati a kan rafi. Maikasuwa ya tashi ya buga babur. Saude ta tattare zanenta ta hau bayansa, a gefe, ƙafafu a haɗe, gwangwanin mai yana tokare mata baya.

"Malama, sauka. Matar aure ce ke. Tasha ce nan, kowa yana kallo."

"In ka same su wa zai taka maka? Ja mu je."

Suka bar kwalta suka hau burji. Hanyar ta sha damina, duk ramuka da kwazazzabai, kuma wannan ne ya fara ba Saude ƙarfin zuciya. Jangwada ba ta da tsawon da za ta yi gudu a nan, dole Haladu ya bi a hankali, za su iya cim masa. Ta faɗa wa Maikasuwa haka, da ƙarfi saboda ƙarar inji.

"Shi ne abin tsoron," ya amsa ba tare da ya waiwayo ba. "Kowane rami sai ya taka."

Tun tana yarinya ake gaya mata sannu ba ta hana zuwa, ita ma ta sha rubuta wa yara a allo. Yau ga ta tana roƙon Allah ya sa ƙanenta ya yi ganganci, ya faɗa ramukan nan ba ya ragewa. Amma ta san ba zai yi ba. Yau ne Inna ta fara shiga motarsa, zai riƙe ta kamar ƙwai, ya rage gudu ga kowane dutse, ga kowace akuya, don ta sauka ta ce motar da daɗi.

A ramin farko mai girma Maikasuwa ya tsaya, ya nuna ƙasa da ƙafa. Ga sawun siraran tayoyi, a gefen na hagu ga wani baƙin layi a kan jan burji, kamar an tsiyaya ruwa daga buta ana tafiya. Saude ta sauka ta shafa da yatsa. Santsi, da warin da ta sani tun jiya.

Suka ci gaba. Idonta yana ƙasa. Kafin kowane kwazazzabo ga layin. A wata mararraba inda hanyar shanu ta ratsa, layin ya yi tsawo, sannan ga wani tabo mai faɗi inda motar ta tsaya tana jira garke ya wuce. Saude ta ga Haladu a ranta, ƙafarsa a kan birki, yana yi wa Inna hira, mai yana zuba a ƙarƙashinsu. Ta tuna kuma motar tsohon yayi ce, sitiyarinta a dama, tun kafin a koma tuƙi ta hannun dama. Inna ke nan take zaune ta ɓangaren da manyan motoci ke fitowa.

A wani ƙauye suka ga mata a bakin rijiya. Maikasuwa ya rage gudu.

"Sannunku. Jar mota ta wuce, marar rufi?"

"Ta wuce," in ji wata dattijuwa. "Har tsohuwar ciki ta ɗaga mana hannu. Ta sha lulluɓi, tana ta dariya."

"Da daɗewa?"

"Muna jan gugan nan ne." Matar ta dubi Saude a bayan babur, ta dubi Maikasuwa. "Lafiya dai?"

Suka wuce. Inna tana dariya. Tun rasuwar mahaifinsu ba kasafai take yi ba.

Layin ya fara sirancewa. Ya koma ɗigo-ɗigo, tazara tana ƙaruwa tsakaninsu. Sai suka zo wani rami da ya ci rabin hanya, wanda ko jaki sai ya rage tafiya, Saude ta duba ta sake dubawa, ƙasa a bushe. Ga sawun taya ya faɗa ramin ya fita, ga inda cikin motar ya kankare burji.

"Wataƙila bai taka ba," in ji ta. "Wataƙila bai ga ramin ba."

Maikasuwa ya ƙara wuta. Duwatsu suka fara bayyana a gaba, hanya ta soma hawa. Saude ta fara karanta duk abin da ya zo bakinta, tana haɗa farkon wata addu'a da ƙarshen wata. Ta ce a ranta, in Haladu ya ji ƙafa ta tafi ƙasa a ramin nan, ai yana da hankali, zai bar hawan ya tsayar da shi. Sai wata zuciyar ta ce, zai ɗauka halinta ne na da, zai ce bari in tattaka, za ta dawo, ga Roni nan kusa. Ta san wacce ce ta fi sanin Haladu.

Suka kai ƙoli. Babu mota a tsaye. Hanya ta zube ƙasa a gabansu, tana lanƙwasa, can ƙasa ga kwalbati, ga farin yashin rafi. Saude ta miƙe wuya ta dubi rafin tukuna, don can take tsoro. Babu ja a cikinsa. Babu kuma a kan hanya.

"Can," in ji Maikasuwa.

Wajen tsakiyar gangaren burji ya tone, layi biyu masu zurfi inda tayoyin baya suka ƙame suka ja ƙasa. Layukan suka karkace, suka bar hanya ta hannun dama, suka keta wani shingen ƙaya suka shiga gonar gero da aka girbe. Motar ta bi ta kan kunyoyi tana fasa su, ta je ta cusa hanci a cikin tarin kara. Ƙofa ɗaya a buɗe. Wasu Fulani makiyaya biyu suna tsaye da sandunansu, shanunsu sun watsu cikin gonar.

Saude ba ta san lokacin da ta sauka ba. Takalminta ɗaya ya tsaya a ƙaya ta bar shi. Haladu ta fara gani, a zaune a kan kunya, jini a goshinsa, ya rungume hannunsa na dama da na hagu, kafaɗar ta sauka ba daidai ba.

"Yaya," ya ce. "Na taka, na taka, babu. Na ja na hannu. Na ga kwalbatin, na ce ba za mu shiga daidai ba..."

"Ina Inna?"

Ya nuna da haɓa. An kwantar da ita a inuwar tarin karan, a kan mayafinta. Wata Bafillatana tana durƙushe kusa da ita da ƙwarya, tana shafa mata ruwa a fuska. Idanun Inna a buɗe, suna kallon sama. Babu jini. Saude ta so ta ga jini, don jini ana sanin inda yake fitowa.

"Kanta ya bugi ƙarfen gilashi," in ji Haladu daga baya. "Tun da muka fito da ita ba ta ce komai ba. Na kira, na kira."

Saude ta durƙusa. Ta sa hannu a ƙirjin Inna, yana hawa yana sauka. Ta laluba kan a hankali ta cikin ɗankwali, ta ji ƙullutu sama da kunne, ya kai ƙwan kaza. Ta duba cikin kunnen, ta duba hanci, kamar yadda aka koya musu a makarantar horon malamai, a bushe. Ta kama yatsun hannun Inna ta matsa.

"Inna. Inna, ni ce. Matsa hannuna in kina ji."

Yatsun suna nan a sake, da ɗumi.

"Ki yi mata da Fillanci," in ji matar mai ƙwarya. "Wani lokaci na farko ne ke dawowa."

Saude ba ta da Fillancin kirki, 'yan kalmomin kakarta ne kawai. Ta haɗa abin da ta iya, ta kira Inna da sunan da iyayenta ke kiranta. Ba motsi. Ƙuda ya sauka a gefen bakin Inna, ba ta kore shi ba, Saude ta kore. A bayanta tana jin Maikasuwa yana yaga rawanin wani makiyayi zai ɗaure wa Haladu kafaɗa, yana cewa laifinsa ne, Haladu yana cewa a'a nasa ne, kowa yana jan laifi kamar nama. Ta so ta juya ta ce su yi mata shiru.

"Malam Maikasuwa," ta ce, ba wasa a muryarta. "Hau babur ka shiga Roni. Ka nemo malamin asibiti, ka nemo kowace mota ce mai rufi. Kada ka tsaya gaisuwa."

Ya ruga. Aka ji ya buga babur sau ɗaya bai tashi ba, ya sake, injin ya kama da ƙara. Idanun Inna suka motsa. Suka bar sama, suka bi ƙarar a hankali har bakin hanya, suka tsaya a kan babur yana sauka gangaren. Sannan suka dawo kan Saude, suka sauka zuwa ƙafarta marar takalmi, suka hau zuwa zanenta da ya yi ja da burji, da tabon mai a gefen mayafinta.

Saude ta sunkuya kusa da ita.

"Inna, kin gane ni? Wace ce ni?"

Leɓen Inna ya motsa. Matar ta ɗiga mata ruwa. Ta haɗiye, ta yi tari, ta runtse ido don zafi ta buɗe.

"Da me kika zo nan?" Muryar kamar daga cikin rijiya.

"Inna, faɗi sunana tukuna."

"Saude, ba da ke nake magana ba? Na ce da me kika zo?"

"Da babur."

"Na wa?"

"Na Maikasuwa."

"A bayansa?"

"A bayansa, Inna."

"Ta cikin gari?"

"Ta tasha."

Yatsun da ke cikin hannun Saude suka ƙanƙame, da ƙarfin da ba ta zata ba, har farce ya shiga nama.

"Ta tasha," in ji Inna. "Ranar Talata, rana tsaka, mijinki yana Zariya. Wa ya gan ki?"

"Kowa."

"Kowa. Kun ji ko? Kowa." Ta yunƙura za ta tashi, Saude ta danne kafaɗarta, ta ce kada ta motsa sai malamin asibiti ya zo. "Sake ni. Ni za ki gaya wa motsi? Da wane ido zan kalli dangin mijinki? Duk karatun nan da aka yi miki, ba a koya miki ki aiki namiji ba? Ina Baffanku yake da ya bar ki kika fita? Ina ɗaya takalmin?"

Haladu ya matso da gwiwa, kafaɗa a ɗaure, yana kuka kamar ba malamin gona ba. Saude ba ta saki hannun ba. Ta gyara zama a kan kunya, ta jawo gefen mayafi ta kare wa Inna rana.

"Ci gaba, Inna," ta ce. "Ina ji. Kada ki yi shiru. Sai me kuma na yi?"